Yadda ake haɗa ƙaramin jirgin sama na katakon balsa, daga kwali har ya tashi

Idan ka buɗe kwalin a karon farko, abin da ke ciki ba zai yi maka kama da jirgi ba. Za ka tarar da 'yan falle-fallen katako marasa kauri, da damin siraran sanduna kamar tsinken tsintsiya amma masu kusurwa huɗu, da babbar takardar zane a ninke, da wata takarda mai shara-shara, sai farfela da tayoyi na filastik, guntun waya da zaren roba. Waɗannan ne za su zama jirgin da zai bar hannunka ya yi ta kewaya fili shi kaɗai, ba inji ba batir, robar da ka murɗa ce kawai ke juya farfelar. Dabarar ta daɗe. A 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tayar da irin wannan jirgi mai roba a lambun Tuileries da ke Paris, ya yi tafiyar kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11, shekara 32 kafin 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright su tashi da nasu mai ɗaukar mutum.

Katakon shi ake kira balsa. Bishiyarsa tana fitowa a dazuzzuka masu yawan ruwan sama na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ƙasar Ikwado ce ke fitar da mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya. Saurin girma gare ta, tsakanin shekara 6 zuwa 10 ta isa sara. Mita kubik ɗaya na busasshen balsa yakan kai kilo 100 zuwa 200, alhali maɗaci mai wannan girman ya haura kilo 600. Da farce za ka lotsa shi, amma a kan nauyinsa yana da ƙarfi ƙwarai, har jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, an yi gangar jikinsa da balsa a tsakanin falle biyu na filawud.

Wanda ya taɓa yin mota da totuwar kara yana yaro, hannunsa ba zai yi baƙunta a nan ba. Sai dai motar kara ko ta karkace za ta gangara, jirgi kuwa abu biyu ke hana shi tashi: nauyi da karkacewa. Duka biyun a kan allon aiki ake saka su, ɗigon gam ɗaya da ya yi yawa, fil ɗaya da aka cire kafin lokaci.

Wane kwali za ka saya

Ido zai kai ka ga jiragen yaƙi irin su Spitfire da Mustang, saboda kyan hotonsu a bayan kwali. Ka bar su sai na uku ko na huɗu. Fiffikensu a ƙasan gangar jiki yake, hancinsu gajere, saita su yana ba ƙwararru ma wuya. Na farko ya zama mai fiffike a sama, mai gangar jiki kamar akwati, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike inci 20 zuwa 30. Kamfanin Guillow's, wanda Paul K. Guillow ya kafa a 1926 a garin Wakefield na jihar Massachusetts, yana da Javelin mai inci 24, wato kusan santimita 61, wanda aka tsara domin masu koyo. Dumas da Sig a Amurka da Vintage Model Company a Ingila su ma suna yin irin waɗannan. Ƙananan nan masu inci 13 kada arharsu ta ruɗe ka, ƙanƙantarsu ce wahalarsu.

Ka duba yadda aka yanka sassan. Na da, da ƙarfe ake danna fallen katako, sau da yawa yakan murtsuke bakin sassan maimakon ya yanke su. Na yanzu da hasken leza ake yanka su, sun fi fita tsaf. Idan da zaɓi, ɗauki na leza.

Kayan aiki

Mafi muhimmanci shi ne allo shimfiɗaɗɗe wanda fil zai shige shi. Guntun silin mai laushi ko farin soson da ake sako firji a cikinsa zai yi, muddin ka ɗora shi a kan tebur ko gilashi marar lanƙwasa. Ka aza rular ƙarfe a kansa ta tsaye da ta kwance, in haske ya ratsa ta ƙarƙashinta, nemi wani. Duk lanƙwasar da ke jikin allo, fiffike zai kwafe ta.

Sai sabuwar reza ko wuƙar masu zane mai tsini, lamba 11, fil mai kai kamar na tela, guda 50 ko fi, farar leda marar kauri, samfefa lamba 220 da 400, ka liƙa kowace a jikin guntun katako mai santsi, filaya ƙarama, ɗan buroshin fenti mai laushi, da kwalbar fesa ruwa mai fitar da shi kamar raɓa.

Gam kuwa, farin gam ɗin kafintoci irin Top Bond na fi so wa mai koyo. Yana ba ka lokacin gyara zaman sanda kafin ya kama, kuma idan ruwansa ya bushe nauyinsa kaɗan ne ke saura. Sufa gulu yana kamawa nan take, amma yana da nauyi, ya fi balsa tauri nesa, in ka zo gogewa katakon ne zai cinye ya bar maka tudun gam. Ajiye shi don gyaran karaya a fili, ka kuma kiyaye yatsunka da idonka.

Mataki na 1: shimfiɗa zane da fitar da sassa

Karanta zanen daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa reza. An zana shi daidai girman jirgin, kuma a kansa za ka yi ginin kai tsaye. Ka goge ninkin da dutsen guga marar zafi sosai, ka kafe shi a allo, ka shimfiɗa leda a kai domin kada gam ya haɗa katako da takarda.

Kowane sashe yana da lamba. In ba a buga ta a jikinsa ba, rubuta da fensir mai laushi tun yana cikin fallensa. Kada ka ɓalle sashe da yatsa, bi layin da reza a hankali, sau biyu ko uku, kana jan ta nesa da hannun da ya danne katakon. Na leza suna da baƙin ƙuna a baki, shafa ɗaya da samfefa ya isa ya cire shi don gam ya kama.

Daga nan ka tace sandunan. Yawancinsu kaurin 1/16 na inci ne, wato milimita 1.6, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko da daga bishiya ɗaya suka fito. Ka ɗan lanƙwasa kowace tsakanin yatsu. Masu tauri su tafi bakin gaban fiffike da dogayen sandunan gangar jiki, masu laushi marasa nauyi su tafi wutsiya. Ka haɗa su bibbiyu masu ƙarfi iri ɗaya, ɗaya hagu ɗaya dama, don kada mai ƙarfin ta janye marar ƙarfin.

Mataki na 2: wutsiya

Fara da ita, domin shimfiɗaɗɗiya ce, a nan hannu zai saba. Akwai ta kwance da ta tsaye. Aza sanda a kan layinta, ka yi alama, ka yanke ta da ɗan ragowa, sannan ka rage da samfefa har ta zauna a gurbinta ba matsi ba giɓi. Haɗin da ya zauna da kansa ɗigon gam kamar ƙwayar gero ya ishe shi, ka ɗebo da tsinken sakace. Giɓin da aka cike da gam ba ƙarfi gare shi, nauyi ne kawai, kuma a wutsiya nauyi ya fi tsada: nisanta da tsakiyar jirgi ya ninka na hanci sau uku ko huɗu, don haka giram ɗaya a can sai ka biya shi da giram uku ko huɗu a hanci.

Kada ka soke sandar da fil, za ta tsage. Kafa fil biyu a gefe da gefe, su gicciye a samanta su danne ta. Bar aikin a kafe awa biyu ko uku, ya kwana ma ya fi.

Mataki na 3: fikafikai

Fiffike yana da bakin gaba, da bakin baya mai siffar tsini, da haƙarƙari masu doron da ke ba shi siffarsa, da sanda ɗaya ko biyu da ke ratsa haƙarƙarin daga gindi zuwa ƙarshe. Ka tara haƙarƙarin masu girma ɗaya wuri guda, ka goge su tare har doronsu ya zama ɗaya. Kafe bakin baya tukuna, ka jera haƙarƙarin kowanne a kan layinsa yana tsaye sak, ka turo bakin gaba ya same su, sannan ka saka sandar sama a tsaginta. In tsagin ya matse, buɗa shi da samfefa. Sandar da aka cusa da ƙarfi, ranar da ka cire fil za ta murɗe fiffiken.

Ka tabbata hagu da dama kake ginawa. Wasu zane-zanen ɓari ɗaya kawai suke nunawa, mutum ya gama ya ga fiffiken hagu biyu a hannunsa.

Idan ka kalli jirgin ta gaba, ƙarshen fikafikan a ɗage yake kamar na shaho yana shawagi. Wannan ɗagawar ce ke mayar da shi daidai in iska ta karkata shi, tunda ba matuƙi a ciki. Zanen zai faɗi tsawonta. Kafe ɓari ɗaya a kwance, ka goge gindin ɗayan a karkace har su haɗu ba giɓi, ka tokare ƙarshensa da guntun katako daidai awon, ka sa gam. Auna da rula, kada ka yarda da ido. Akwai kuma wata 'yar dabara: yayin da gam ke bushewa, cusa abu mai kaurin milimita 2 ƙarƙashin bakin baya a can ƙarshen kowane fiffike. Wannan 'yar murɗar da aka yi da gangan tana hana ƙarshen fiffike sakin iska kafin gindinsa, jirgin ba zai riƙa kifewa gefe ɗaya ba. Sharaɗin shi ne ta zama daidai a ɓangarorin biyu.

Mataki na 4: gangar jiki

In mai siffar akwati ce, gina gefe ɗaya a kan zane, ka bar shi a kafe, ka shimfiɗa leda a kansa, ka gina na biyu a samansa da fil ɗin nan dai. Haka za su fito tagwaye. Inda doguwar sanda za ta yi lanƙwasa sosai, jiƙa ta da ruwan zafi minti goma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, balsa kuwa ruwa ke mayar da shi ɗanye. Bar ta ta bushe a kafe kafin gam.

Tsayar da gefunan biyu a kan zanen da ke nuna jirgin ta sama. Fara haɗa su da gajerun sanduna a inda jikin ya fi faɗi, kana duba kusurwa da sukwaya ko gefen kwalin ashana. Sai sun bushe za ka haɗe wutsiyar wuri ɗaya, daidai kan layin tsakiya, sannan hanci. Ɗaga ka leƙa ta baya kamar mai duba miƙewar gora. In ta yi baka, jiƙa haɗin ka warware yanzu.

Wasu jiragen kuma zagayayyen jiki gare su: a kafa ƙashin baya, a jera zobban katako a kansa, a bi su da siraran sanduna, kamar tsaikon ɗaki da tankarsa. A irin wannan, in ka sa sanda a hagu, sa takwararta a dama kafin ka ci gaba.

Wurin turken da zai riƙe roba a baya da wurin da wayar tayoyi ke shiga, nan ne kaɗai zan ce kada ka yi rowar gam.

Mataki na 5: guga

Bi ko'ina da samfefa 220 sannan 400, a hankali, aikin yana kwance a allo. Zagaye bakin gaban fiffike, ka sirance bakin baya, ka kawar da duk tudun gam, domin takarda ba ta ɓoye aibi. Ƙurar balsa tana shaƙe mutum, yi a waje ko ka rufe hanci.

Mataki na 6: rufi

A nan aka fi ɓata jirgi, don haka a nan za ka fi rage sauri.

Takardar nan mai shara-shara ita ce ta rufi, kuma tana da jijiya. Yaga ɗan gefenta: ɓangaren da ta yage a miƙe, nan jijiyar ta bi. A fiffike jijiyar ta bi tsawonsa daga gindi zuwa ƙarshe, a gangar jiki daga hanci zuwa wutsiya. Yanko ƙyalle da ya fi wurin da santimita 2 ta kowane gefe. Sirka farin gam da ruwa rabi da rabi, ko ka yi amfani da gam ɗin sanda na 'yan makaranta irin UHU, ka shafa a bakin firam ɗin kawai, ban da haƙarƙarin tsakiya. Aza takardar, ka ja ta da yatsa daga tsakiya zuwa gefe har tamoji ya fita. Ba sai ta ɗame ba, ruwa ne zai yi wannan aikin. In ta bushe, yanke ragowar da sabuwar reza, tsohuwa yaga za ta yi.

Fiffike ana fara rufe ƙasansa, sannan sama, kuma kowane ɓari da ƙyallensa. Gangar jiki gefe-gefe. Inda jiki ya yi ƙwarya, kamar hanci, yi amfani da ƙananan ƙyallaye da yawa. Ka bar taga ɗaya a buɗe kusa da turken baya domin saka roba.

Yanzu fesa ruwa sama, ka bar shi ya sauko a kan takardar kamar raɓa. Za ta saki ta yi laushi, kada ka taɓa ta. Kafe fiffiken a allo a kan 'yan guntayen balsa don iska ta ratsa ƙasansa, ka mayar da tokarin milimita 2 ɗin nan, ka bar shi ya kwana a inuwa. Da safe za ka same ta ta ɗame kamar fatar kalangu. Wannan ƙarfin jan ne ke ƙarfafa jirgin, shi ne kuma ke murɗe shi in ba a kafe ba. Wutsiya ba za ta jure shi ba, saboda haka ita kam ka fara jiƙa takardarta ita kaɗai ta bushe ta gama tsukewa, ka goge ta da dutsen guga, sannan ka rufa, kada ka sake fesa mata ruwa.

Yanayi yana da hannu a nan. Takardar da aka ɗame a watan Agusta, in hunturu ya shigo za ta ƙara ja, wadda aka ɗame da hunturu kuma za ta ɗan saki da damina. In da damina kake aiki, kada ka nemi ta ɗame har ƙarshe.

Ana shafa wani ruwa mai suna dof domin toshe ƙofofin takardar da kare ta daga laima. Sirka shi da sinadarin sirkinsa rabi da rabi, shafi ɗaya ko biyu marasa kauri, a sake kafewa. Yana kama wuta kuma warinsa yana hawa kai, sai a waje, nesa da murhu. In iska tana da laima yakan bushe da farin hazo, jira rana ta ɗaga. Akwai mai haɗin ruwa marar wari, Eze Dope. In ba ka samu ko ɗaya ba, jirgin zai tashi haka nan, ka dai kiyaye shi daga raɓa. Fenti kuwa ka haƙura da shi, takarda mai launi ta wadatar.

Mataki na 7: haɗawa da saka roba

Kankare takarda a inda katako zai haɗu da katako. Sa wutsiyar kwance da fiffike ba gam tukuna, ka kalla ta gaba da ta baya: su yi layi ɗaya, ta tsaye kuma ta tsaya sak. Da zare ka auna daga ƙarshen kowane fiffike zuwa ƙarshen wutsiya, awon biyu su zo ɗaya. Sannan gam.

Zura wayar farfela ta cikin toshiyar hanci, wato ɗan abin da ke toshe ramin hancin jirgin, ƙugiyarta tana ciki, ka sa ɗan dutsen ado tsakanin toshiya da farfela don rage gogayya, ka lanƙwasa bakin wayar da filaya. Kada ka liƙe toshiyar, za ka buƙaci cire ta.

Ƙulla robar ta zama zobe mai tsawon ninki ɗaya da rabi na tazarar ƙugiya zuwa turke, ƙullin yana baya. Wanke ta, ka shafa mata gilisarin da aka haɗa da ɗan sabulun ruwa, ko man silikon. Basilin da baƙin mai suna cinye roba. Masu gasa suna amfani da wata mai suna Tan Super Sport, ta fi ta cikin kwali ɗaukar murɗi, amma ta kwalin ta isa gwajin farko.

Mataki na 8: saiti da tashi

Zanen yana nuna wurin da nauyin jirgi ya kamata ya rabu biyu, galibi kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga bakin gaba. Da roba a ciki, tallafe shi da yatsa biyu a nan. Kusan kullum wutsiya ce za ta rinjaya. Manna ɗan danƙon wasan yara ko kakin zuma a hanci har ya kwanta daidai. Sake leƙa fikafikan ta baya, in ɗaya ya murɗe, riƙe shi a kan tururin buta, ka murɗa shi baya kaɗan, ka janye ka riƙe har ya huce.

Nemi fili mai ciyawa, nesa da wayoyin lantarki da filin jirgin sama, da sassafe ko dab da magariba lokacin da iska ta kwanta. Gwajin farko ba murɗi. Riƙe shi daidai kafaɗa, hanci ya ɗan duƙa, ka tura shi a hankali kamar mai miƙa wa wani abu, kana hangen wani wuri a ƙasa taku goma gabanka. In ya ɗaga hanci ya tsaya ya faɗo ya sake ɗagawa, ƙara danƙo. In ya yi ƙasa da ka, rage danƙo, ko ka ɗan ɗaga bakin bayan wutsiyar kwance da guntun takarda. In ya kauce gefe da ƙarfi, koma ka nemo murɗa a fiffike. Abu ɗaya za ka canja kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Sai ya sauka a miƙe sau uku a jere za ka murɗa. Fuskanci hancin, ka juya farfelar yadda hannun agogo ke tafiya, sau 100. Saki kaɗan ka ji: iska ta bugo baya. Saki farfelar tukuna, sannan jirgin, fikafikai a kwance.

Daga nan kada ka sake taɓa danƙon, gyaran tashi da roba a toshiyar hanci ake yin sa. In ya miƙe sama ya tsaya, cusa guntun balsa mai kaurin milimita 0.8 a saman toshiyar, farfela ta ɗan kalli ƙasa. In ya kwanta hagu yana neman ƙasa, juyin farfelar ne ke murɗa shi, cusa guntun a gefen hagu, wato hagunka in kana bayan jirgin, ta ɗan kalli dama. Ƙara murɗi 50 kowane tashi, kana rubuta adadin da abin da jirgin ya yi, har ya riƙa hawa cikin faffaɗan da'ira, roba ta ƙare, ya sauko da shawagi. Guntayen da suka yi aiki ka liƙe su a wurinsu. In kun dawo gida, warware robar ka cire ta, ka sa a leda a wuri mai sanyi da duhu, domin rana da zafi suna busar da ita, jirgin kuma ka kwantar da shi cikin kwali, ba abin da ya danne fikafikansa.